Muryar James LaBrie a Gidan Kansa: Bitar Static Impulse

Duk wanda ya kunna kundin Static Impulse don ya ji James LaBrie, da muryar wani zai fara cin karo. Waƙar farko, "One More Time", a guje take shigowa, ganguna na zuba, jita na sara, sai kuma wani maƙogwaro ya ɓarke da ƙaraji irin na masu kiɗan metal na ƙasar Suwidin. Peter Wildoer ke nan, makaɗin gangunan kundin. Shi kuwa mai sunan da ke jikin bangon faifan sai ya dakata tukuna, daga baya ya shigo da muryar nan tasa mai santsi wadda masoya Dream Theater suka sani tun 1992. Mutum yana da shekara 47, ya kusa shekara 20 yana riƙe da makirufo a ƙungiyar da ta fi kowace suna a fanninta, ga aiki ya fito da sunansa shi kaɗai, amma ya yarda wani ya riga shi buɗe baki. Wannan shawara ce ta raba kan masu sauraro sa'ad da kundin ya fito a ƙarshen Satumban 2010 a ƙarƙashin kamfanin InsideOut, kuma ni a wurina ita ce hikimar aikin gaba ɗaya.

Sai an san inda LaBrie ya fito kafin a gane dalili. An kafa Dream Theater a 1985, lokacin da wasu samari uku suka haɗa kai a makarantar koyon kiɗa ta Berklee da ke Boston: John Petrucci mai jita, John Myung mai jitar bes, da Mike Portnoy mai ganguna. Salon da suka shahara da shi, furogiresib metal, ya haɗa nauyin metal da dogon tsari mai sarƙaƙiya. Waƙa ɗaya takan haura minti 10, wata ta wuce 20. "Octavarium" ta 2005 minti 24 ce. Ana cikin tafiya sai ƙidayar bugu ta sauya daga huɗu ta koma bakwai ko tara, jita da fiyano su shiga tsere, mai ganguna ya bi su ƙafa da ƙafa. A wurinmu mawaƙi ne uban tafiya. Idan Mamman Shata ya ɗaga murya, shi masu kalangu ke bi, shi 'yan amshi ke jira, inda ya karya nan kowa zai karya. A Dream Theater abin a juye yake. Makaɗa ne ke fara shimfiɗa kiɗan har su kai ƙarshe, sannan a nema wa mawaƙi gurbin da zai shiga. Mafi yawan baitocin ma Petrucci da Portnoy ne ke rubutawa a wancan zamanin. A kan dandamali kuwa, in kiɗan ya yi nisa, LaBrie kan koma bayan labule ya bar musu fili na tsawon mintoci kafin a sake bukatarsa.

Ɗan Kanada ne, haifaffen Penetanguishene a lardin Ontario, a watan Mayun 1963. Sunansa na fari Kevin, amma da ya shiga ƙungiyar a 1991, bayan an gwada mawaƙa kusan 200, sai ya tarar da Kevin Moore a kan fiyano, ga kuma John har biyu, don haka ya koma amfani da sunansa na tsakiya. Kafin nan ya yi waƙa da wata ƙungiyar Kanada mai suna Winter Rose, ya kuma samu horon murya irin na 'yan opera. Kundinsa na farko da su, Images and Words, shi ne ya fitar da Dream Theater duniya, waƙar "Pull Me Under" ta shiga rediyo da talabijin, kundin ya sayar da sama da kwafi 500,000 a Amurka. Wanda ya saurari "Learning to Live" ko "Take the Time" zai ji saurayi ɗan shekara 28 yana hawa can ƙololuwar murya ba tare da alamar wahala ba.

Sai ƙaddara ta gitta. A ƙarshen Disambar 1994, yana hutu a ƙasar Kyuba, ya ci abinci mai guba, ya yi ta amai har jijiyoyin muryarsa suka samu mummunan rauni. Likitocin maƙogwaro suka ce babu magani sai hutu. Hutun bai samu ba, domin a Janairun 1995 yana Japan ana zagayen tallata kundin Awake. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa sai wajen 2002 ya ji muryar ta dawo hannunsa. Shekarun da ke tsakani sun bar masa tabo a idon jama'a wanda har yau bai gama gogewa ba. Aka riƙa yawo da guntayen bidiyon daren da muryar ta gaza, aka mayar da shi abin zargi duk lokacin da ake neman inda ƙungiyar ta yi rauni. Ban musanta cewa akwai irin waɗannan darare ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ana neman mutum ya maimaita kowane dare, na tsawon awa uku, karin da aka yanka daidai maƙogwaron saurayi mai cikakkiyar lafiya, a kan kiɗan da ba a gina shi don jin daɗin mai rerawa ba. Makaɗi in igiyar jitarsa ta tsinke sai ya sauya wata. Mawaƙi da tasa ɗaya zai rayu.

Shi ya sa ayyukan da ya yi a wajen ƙungiyar suke da muhimmanci a wurina fiye da yadda aka saba ɗaukar irinsu. Ya fara ne da sunan MullMuzzler, kundi biyu a 1999 da 2001, sannan a 2005 ya fito da Elements of Persuasion da sunansa na ainihi. Wannan kundin har abin mamaki ya faru da shi: ya ɓulla a intanet an liƙa masa sunan sabon kundin Dream Theater da ake jira, mutane da dama kuma suka yarda, saboda saurayin Italiya da ya kaɗa jita a ciki, Marco Sfogli, hannunsa ya ɗauko na Petrucci ƙwarai. A duk waɗannan ayyuka akwai mutum ɗaya da bai taɓa barin gefen LaBrie ba, wato Matt Guillory, Ba'amurke mai fiyano wanda ya fito daga ƙungiyar Dali's Dilemma. Shi ne ƙashin bayan tsara waƙoƙin Static Impulse. Sfogli ya dawo kan jita, Ray Riendeau wanda ya yi aiki da Rob Halford ya riƙe bes, Wildoer na ƙungiyar Darkane ta birnin Helsingborg ya hau ganguna. Tace sautin kuwa an damƙa shi ga Jens Bogren a situdiyonsa na Fascination Street da ke Örebro, mutumin da kunnensa ya bi ta kan Ghost Reveries na Opeth da Twilight of the Thunder God na Amon Amarth. Ba'amurke, ɗan Italiya, ɗan Suwidin, ɗan Kanada: kowa da inda ya sha nono, amma amon da ya fito na Suwidin ne tsantsa.

Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi shi ne gajarta. Waƙa 12 ne cikin kimanin minti 50, kusan dukkansu tsakanin minti uku da rabi zuwa huɗu da rabi, ɗaya ce tak ta ɗan haura biyar. A gwada da Black Clouds & Silver Linings da Dream Theater suka fitar a 2009, mai waƙa shida kacal amma huɗu daga ciki kowace ta wuce minti 12. A nan babu dogon share fage. Baiti, gada, amshi, a sake zagayowa, a bar wa Sfogli 'yan daƙiƙu, a rufe. Wani zai ce an rage buri ne. Ni kuwa abin da na ji shi ne an juya ginin ya fuskanci murya. Kowane sara na jita, kowace shimfiɗa ta fiyano, hanya suke sharewa zuwa wurin da LaBrie zai buɗe ƙirji, kuma wurin an auna shi daidai inda muryarsa ta fi ƙarfi a wannan shekarun: tsaka-tsaki, ɗan sama kaɗan, inda take da kauri da ɗumi, ba can saman da ake tilasta masa ya maƙale ba.

A nan ne aikin Wildoer ya bayyana. Muryar LaBrie tana da wani laushi, wani numfashi-numfashi da ke biyo bayan kalma, wanda idan aka ɗora shi kai tsaye a kan kiɗa mai tsananin nauyi yakan zama kamar bai dace ba. A wasu kundayen Dream Theater na shekarun 2000 an nemi ya kausasa murya don ya yi daidai da kiɗan, sakamakon kuma ba kullum yake gamsarwa ba. A "A Nightmare to Remember" ma Portnoy ne da kansa ya karɓi sashen kaushin. Static Impulse ya warware matsalar ta hanya mai sauƙi. Duk inda waƙa ke bukatar fushi, an miƙa wa mai maƙogwaron fushi. LaBrie ya huta da kwaikwayon abin da ba nasa ba, kuma bayan kunne ya sha ƙarajin Wildoer na 'yan daƙiƙu, shigowar murya mai tsabta sai ta zama sauƙi da buɗi, zaƙinta ya ninka. Laushin da ake gani a matsayin rauni shi ne ya koma abin da ake jira.

"Jekyll or Hyde" ce ta fi nuna wannan a fili. Sunanta daga labarin Robert Louis Stevenson na 1886 yake, na likitan da ke da hali biyu a jiki ɗaya, kuma muryoyin biyu sun raba halayen a tsakaninsu ba tare da an tsaya bayani ba. Ba ta kai minti huɗu ba. Abin da nake so a cikinta shi ne yadda ba a bar tazara tsakanin mawaƙan biyu ba. Kafin ɗaya ya gama sauke numfashi ɗayan ya ɗauka, har kunne ya daina jin su a matsayin mutum biyu. "Mislead" ta biyo da irin wannan zafin, ta ma ƙara gudu. Waɗannan uku na farko a jere suke zuwa ba sassauci, kuma na fahimci wanda ya tsaya a nan ya ce wannan ba LaBrie ɗin da ya sani ba ne.

Da ya yi haƙuri ya kai ta huɗu, da ya samu ladarsa. "Euphoric" ita ce zuciyar kundin a wurina, ita ce kuma mafi tsawo. Gudun ya lafa, Guillory ya shimfiɗa fiyano mai faɗi a baya, LaBrie ya fara daga ƙasa, a hankali, kusan da raɗa. A saurari yadda yake riƙe wasali: yakan fara shi a miƙe, ba karkarwa, sai can wajen ƙarshe ya saki 'yar girgizar murya kaɗan, ya janye kafin ta yi yawa. A shekarun baya wannan girgizar takan yi masa yawa a kan dandamali, ta faɗaɗa har ta ɓata karin. A nan tana hannunsa. Da aka iso amshi, sai aka jera muryarsa bisa muryarsa, hawa biyu ko uku, kowace da nata kari, suka haɗu suka cika fili ba tare da ya yi ihu ba. Wannan jeren murya fasaha ce da ya ƙware a kanta tun da daɗewa, sai dai a Dream Theater takan ɓace a cikin cunkoson kayan kiɗa. A nan an matsa mata ta sha iska. Idan ana neman amsar masu cewa muryarsa ta ƙare tun 1994, waɗannan mintoci biyar sun isa.

"I Need You" da "I Tried" suna da amshin da ke maƙalewa a ka, irin wanda mutum zai tsinci kansa yana bi a zuci bayan awanni. Guillory yana da kunnen mai rubuta waƙar rediyo. Da za a cire jitar a bar fiyano da murya, da yawa daga cikin waƙoƙin nan za su zauna daram a matsayin waƙoƙin soyayya na zamani. Ba zargi ba ne wannan. Rubuta karin da zai zauna a kunne cikin daƙiƙa 20 ya fi jera bugu 200 wuya, kuma 'yan furogiresib da yawa ba su iya ba. Yadda yake amfani da na'ura ma abin lura ne: ba ya tsere da jita kamar yadda Jordan Rudess, mai fiyanon Dream Theater, ke yi da Petrucci, sai dai ya saka 'yan ƙananan amo na lantarki a ƙarƙashi, masu zagayawa, waɗanda ba a cika jin su ba sai an sa abin saurare a kunne.

Sai "This Is War", wadda ta fi kowace tsanani. A nan Wildoer ya saki hannu da ƙafa baki ɗaya, bugu a kan bugu ba sarari, yana kaɗawa yana ƙaraji. Na daɗe ina mamakin tsabtar bugunsa. A irin wannan gudun makaɗa da yawa sai amon ya cakuɗe, amma nasa kowane bugu a ware yake, kuma yana da wata ɗabi'a ta sauya inda nauyin bugun ke faɗuwa a tsakiyar layi, ta yadda kiɗan da ke tafiya a kan huɗu zai yi kamar ya karkace sannan ya miƙe. Nan ne ɗan abin da ya rage na sarƙaƙiyar furogiresib ya ɓuya a kundin: a cikin ganguna, ba a tsawon waƙa ba. Sfogli shi ma ya girma tun 2005. Filin da ake ba shi gajere ne, amma yakan fara da kari mai rerawa kafin ya nuna saurin yatsa, kuma ya daina zama inuwar Petrucci. Daga baya, a 2015, tsohuwar ƙungiyar Italiya Premiata Forneria Marconi ta ɗauke shi, ban kuma yi mamaki ba.

An rufe da "Coming Home", mai taushi, ba ƙaraji, murya a gaba kayan kiɗa a baya. Bayan duk abin da ya gabata, ta zo a wurin da ya dace.

Yadda aka karɓi kundin ba ya rabuwa da lokacin da ya fito. A ranar 8 ga Satumban 2010, makonni kaɗan kafin fitowarsa, Mike Portnoy ya sanar da barin Dream Theater bayan shekara 25. Ga masoya wannan kiɗa babu labarin da ya kai wannan girma, don haka duk wanda ya samu LaBrie don hira a kan sabon kundinsa, tambayar Portnoy ce a bakinsa. A watan Oktoba ƙungiyar ta gwada makaɗa bakwai a New York, kuma biyu daga cikinsu mutanen LaBrie ne: Wildoer, da Mike Mangini wanda ya kaɗa masa ganguna a kundaye uku na baya. Mangini aka zaɓa, aka sanar a Afrilun 2011. Wannan kaɗai ya nuna irin kunnen da LaBrie ke da shi wajen zaɓen abokan aiki. Amma ya kuma sa mutane da yawa suka saurari Static Impulse suna neman alamun inda Dream Theater za ta dosa, maimakon su ji abin da ke gabansu.

Masu sharhi a mujallun metal galibi sun yi masa kyakkyawar tarba, kuma kalmar da ta fi yawo ita ce mamaki: ba a zaci wannan nauyin daga gare shi ba. Kusan kowa ya ambaci Soilwork da In Flames, da salon birnin Gothenburg wanda At the Gates da Dark Tranquillity suka taimaka wajen kafawa a shekarun 1990, inda ake haɗa ƙaraji da jita mai daɗin kari. Kwatancin gaskiya ne, ba a kuma ɓoye shi ba. Ɗauko Wildoer da Bogren shaida ce. Daga nan ra'ayi ya rabu. Tsofaffin masoya Dream Theater da dama ba su iya jure ƙarajin ba, suna ganin an lalata waƙoƙi masu kyau don a burge matasa. A ɗaya gefen, masu bin metal mai tsanani wasu suka ce abin ya yi sulɓi da yawa, an ari rigar Gothenburg bayan ta tsufa. Akwai kuma waɗanda suka ce ya fi abin da Dream Theater ta yi a shekarunta na baya-bayan nan daɗin saurare.

Na fi kusa da na ƙarshen, amma ina ganin dukkansu sun auna kundin da ma'aunin nauyi, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, alhali nauyin kayan aiki ne kawai. Ga masu cewa an ari salo, amsata ita ce Soilwork na da mawaƙi ɗaya, Björn Strid, da ke yin duka biyun, ƙaraji da rerawa, kuma rerawar tasa hutu ce a tsakiyar ƙaraji. A Static Impulse rerawar ce gida, ƙarajin baƙo. Kusan rabin waƙoƙin ma ba su dogara da shi ba. Ga masu ƙin ƙarajin kuwa, ina roƙonsu su gwada a zuci su cire shi daga "One More Time" su sa LaBrie ya rera baitocin da kansa a wannan gudun. Abin da zai fito shi ne ainihin abin da suka daɗe suna kuka da shi.

Duk da haka ba zan ce aikin ba shi da aibi ba, kuma masu suka sun faɗi gaskiya a wurare. Babba shi ne kamanni. Ƙwarya ɗaya aka auna waƙoƙin da ita, kuma daga ta bakwai zuwa ta goma sha ɗaya kunne kan fara sanin inda amshi zai faɗo kafin ya iso. "Who You Think I Am" da "Superstar" ba su da laifi a kan kansu, sai dai ba su kawo abin da ba a riga an ji ba. Da an ajiye ɗaya, kundin zai fi tsayuwa. Na so a ce a wuri ɗaya tak an saki linzami, an bar waƙa ta yi minti bakwai, Sfogli da Wildoer su yi zance, LaBrie ya dawo ta wata ƙofar daban. Mutanen da ke da wannan gwanintar sun cancanci fili ɗaya, kuma gajerun waƙoƙin da ke kewaye da ita da sun ƙara haske.

Baitocin su ma ba su kai muryar da ke ɗauke da su ba. Yaudara, nadama, jajircewa, kewar gida: jigogi ne na gaskiya, amma an faɗe su da kalmomin da kowa zai iya faɗa, babu wani hoto ko suna ko wuri da zai sa a ce wannan labarin mutum kaza ne. Wannan ya fi damuna saboda na san abin da LaBrie ke iya yi idan aka ba shi hali ya shiga. A The Human Equation na Arjen Lucassen, 2004, inda ya fito a matsayin mutumin da ke kwance cikin dogon suma yana muhawara da motsin zuciyarsa, kowace jimla da nata launi. A The Astonishing, kundin Dream Theater na 2016, shi kaɗai ya rera bakin mutane da yawa, maza da mata, babba da yaro. Mai wasan kwaikwayo ne da murya. A Static Impulse ba a ba shi rawar da zai taka ba, sai motsin rai tsirara, shi kuma ya yi iya abin da za a iya yi da shi.

Tace sautin Bogren yana da tsabta da ƙarfi, kowane abu a wurinsa, amma irin na zamaninsa ne, an matse shi har sama. Tsakanin wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya fashe babu tazara sosai, kuma bayan minti 40 kunne kan gaji. Riendeau ne ya fi cutuwa. Bes ɗinsa na nan yana riƙe da ƙasa, amma sai an kasa kunne sosai kafin a rarrabe shi da jita. Akwai kuma maganar da wasu masu sharhi suka taɓo, wadda nake ganin adalci ne a maimaita: sunan mutum ɗaya ne a bango, amma aikin na biyu ne. LaBrie bai taɓa ɓoye rawar Guillory ba, yana yaba masa a fili, sai dai wanda ya sayi faifan ba lallai ya san cewa karin da ke yawo a kansa daga hannun mai fiyano ya fara fitowa ba.

Tawagar nan ba ta watse ba. A Yulin 2013 suka dawo da Impermanent Resonance, su biyar ɗin dai, Peter Wichers na Soilwork ya sa hannu a rubutun wasu waƙoƙi. Ya fi na farko sulɓi, amshinsa sun fi girma, na'ura ta ƙara fitowa gaba, kuma na san mutanen da suka fi son sa. Ni dai na fi jin Static Impulse, domin a cikinsa ana jin mutane suna gano abu a karon farko, ba su tabbata zai yi ba. Na biyun kuwa sun riga sun san hanya. Daga nan LaBrie bai sake fitar da cikakken kundi da sunansa ba har shekara tara, sai a Mayun 2022, wata guda bayan Dream Theater ta ci lambar Grammy da waƙar "The Alien", ya fito da Beautiful Shade of Grey. Wannan kam wata duniya ce: jitar katako, ba ƙaraji ko kaɗan, Paul Logue ɗan Sikotland a matsayin abokin rubutu, Sfogli yana nan, Chance, ɗan LaBrie, a kan ganguna, har da sake rera "Ramble On" ta Led Zeppelin. Masu ƙin ƙaraji sun samu abin da suke nema, kuma kundi ne mai daɗi. Sai dai da na saurare shi na ƙara fahimtar abin da Wildoer ya yi a 2010, domin laushi a kan laushi yana kwantar da hankali, amma ba ya sa tsigar jiki ta tashi kamar yadda amshin "Jekyll or Hyde" ke yi.

Wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba kuma yana son gwadawa, kada ya bi jerin yadda yake a faifai. Ya fara da "Euphoric" don ya san muryar, ya bi da "I Need You", sannan "Jekyll or Hyde". "This Is War" a bar ta sai kunne ya saba da bugun Wildoer.